Yadda zan matse babban fayil in raba shi gida-gida da NVDA, don Allah a taimaka

dan_Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah taimako nake nema a kan wani abu da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ina da folda guda ta laccocin da na naɗa a aji wannan zangon, na duba girmanta NVDA, wato manhajar da take karanta mana allon kwamfuta da murya mu makafi, ya ce min giga 6.2. Abokina da muke kwas ɗaya ya tafi gida Gombe jinyar mahaifiyarsa, laccoci da yawa sun wuce shi ga jarrabawa saura sati uku, shi ma ba ya gani kamar ni, da kunne yake karatunsa. Na yi iya abin da na sani wato Send to sai Compressed folder, ta daɗe tana yi, da ta gama na duba sai na ji 5.6, kusan ba abin da ya ragu. Na ce to bari in zuba a filash in kai tasha in ba direba, filash ɗin giga 32 ce kuma ba komai a cikinta amma kwamfuta ta ce wai fayil ɗin ya yi girma ba zai shiga ba. Na ji ana cewa ana iya daddatsa fayil ƙanana ƙanana a tura ɗaya bayan ɗaya, can a haɗe. Da wace manhaja ake yi, kuma wadda za ta yi magana da NVDA ba sai na nemo mai ido ba? Windows 11 nake amfani da ita.

Malam_Tab:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba mahaifiyar abokinka lafiya. 7-Zip za ka sauke, kyauta ce ba a biyan ko sisi, wani ɗan Rasha Igor Pavlov ya yi ta tun 1999, kuma duk akwatunanta NVDA yana karantawa da kyau. In ka saka ta, ka je kan foldar kada ka shiga ciki, ka danna Shift da F10. A Windows 11 wani lokacin sabon menu ne zai fito, ba za ka ji 7-Zip a ciki ba sai ka sauka ƙasa ka shiga Show more options. Daga nan ka sauka da kibiya har ka ji 7-Zip, kibiyar dama, sai Add to archive, Enta. Akwati zai buɗe ya ajiye ka a wajen suna. Kana iya bi da Tab ɗaya bayan ɗaya amma wuraren suna da yawa, ka danna Alt da V kawai ya kai ka Split to volumes, bytes. Nan za ka rubuta girman kowane yanki, misali 100m ka danna Enta. Za ka samu fayiloli masu ƙarewa da 7z.001, 7z.002 har inda suka ƙare. Shi abokinka ya tara su duka a folda ɗaya, ya tsaya a kan 001 kaɗai ya zaɓi Extract here, sauran da kansu za su biyo.

UmmuSafwan:
Malam kada a manta da m ɗin nan fa. In mutum ya rubuta 100 kawai ba harafi to bayit ɗari ta fahimta ba mega ɗari ba. Ni na taɓa yi a kan fayil ƙarami, gutsattsari suka cika min folda na daɗe ina gogewa. m mega, g giga, k kilo.

injiniya_MK:
Maganar filash ɗin ba girmanta ba ne matsalar. Tsarin da aka yi mata ne, FAT32, shi kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4 ko da filash ɗin ta kai giga ɗari. Shi ya sa a jerin da ke cikin wancan akwatin na Split to volumes in ka sauka da kibiya za ka ji 4092M FAT, an sa shi ne saboda wannan. Ka zaɓi shi naka zai fito gida biyu kuma duk za su shiga. Ko kuma mafi sauƙi, ka bar zif ɗin nan gaba ɗaya ka kwafi foldar yadda take, tunda laccocin ai ɗaiɗai suke ba wadda ta kai giga 4.

mai_sanda:
ko ya yi mata fomat zuwa exFAT shikenan an wuce wajen

injiniya_MK:
@mai_sanda haka ne, tunda ya ce ba komai a ciki. Amma a riƙa faɗa wa mutane fomat yana share komai, kuma ƙananan rediyoyin nan masu cin memori da yawancinmu muke sauraren karatu da su, da yawansu FAT32 kawai suka sani, ka mayar exFAT ka soka su yi shiru.

Yar_Jos:
Ni tambayata ita ce me ya sa bai ragu ba? Don ni ma haka take min, in matse waƙa ko bidiyo in ga kamar ban yi komai ba, har na ɗauka ban iya ba ne.

Malam_Tab:
Ba rashin iyawa ba ne 'yar'uwa. Matsewa aikinta ta nemo abin da yake maimaituwa a cikin fayil ta rubuta shi a taƙaice. Rubutu cike yake da maimaici, kalma ɗaya ta zo sau dubu, shi ya sa littafin txt ko fayil ɗin birel na brf zai koma kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Amma MP3 da MP4 da JPG tun wajen yin su an riga an tatse su, kamar ƙullin gyaɗa ne da aka gama matse mansa, ko kin sake murzawa ɗan abin da zai ɗigo kaɗan ne. Don haka in sauti ne ko bidiyo ni a Compression level nake zaɓar Store, wato ta ɗaure kawai kada ta wahalar da kanta, sai ta gama cikin minti kaɗan. Wanda ya sa Ultra a kan MP3 batirinsa kawai yake ƙonawa.

BabanKhadija_Zariya:
Ku dakata tukuna. dan_Gwale laccocin nan awa nawa ne gaba ɗaya, kuma da me ka naɗa? Giga shida sun yi yawa wa muryar malami. Ka tsaya a kan ɗaya ka danna Alt da Enta, sai ka danna maɓallin NVDA (Insert ko Caps Lock) da B ya karanto maka akwatin duka, ka gaya mana me ya ce a wajen Type of file.

dan_Gwale:
Nagode sosai jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci za a amsa da wuri haka ba. Baban Khadija na duba, ya ce WAV. Da 'yar rikoda nake naɗa wadda yayana ya kawo min, ban taɓa shiga saitinta ba don ba ta magana, yadda aka ba ni haka nake danna maɓallin tsakiya. Laccoci goma sha ɗaya ne, kusan awa goma ke nan, sai wasu handawut na PDF guda shida.

BabanKhadija_Zariya:
Yawwa abin da na yi zato ke nan. Ai kai ba matsewa ce matsalarka ba ɗana, juyawa ce. WAV irin na faifan CD yana cin kusan mega 10 duk minti ɗaya, ka lissafa awa goma minti 600 ke nan, ka ga giga shidanka sun fito daidai. In ka juya su MP3 a 64 kbps, minti ɗaya bai kai rabin mega ba, awa guda kusan mega 29, duka awa goman ba za su kai mega 300 ba. Kuma maganar mutum ɗaya a aji ba kiɗa ba ce, ka mai da ita mono, wallahi kunnenka ba zai ji an rasa komai ba. Ni tafsirin azumi nake naɗa a masallacin unguwarmu shekara da shekaru, darare talatin, a haka nake ajiye su duka kuma tsofaffi suna ji tangaran a rediyonsu. Audacity za ka nema, ita ma kyauta ce kuma tana tafiya da kibod, ka buɗe fayil ka danna Control Shift E ka zaɓi MP3. Goma sha ɗaya ne kawai, ka zauna bayan isha'i ka gama su. Amma kada ka goge na WAV ɗin sai ka saurari sababbin, don MP3 abin da ya zubar ba ya dawowa, ba kamar zif ba da yake mayar maka da abinka cif yadda ka ba shi.

Sakkwatawa1:
Wanga shi na magana. In ya koma mega 300 mi za a raba kuma? Ya tura mai ɗaya ɗaya ta WhatsApp, kowace lacca da sunanta. Wadda ta sauka ya fara saurare tun yau, ba sai ya jira sauran ba. Shi rabawag ga da kuke ta faɗi, in yanki ɗaya bai iso ba duk sauran ba su da amfani, kana da 001 har 059 amma 060 ta maƙale, ko minti ɗaya ba ka ji.

UmmuSafwan:
Gaskiya Sakkwatawa ya faɗi abin dubawa. Mu riƙa tuna wanda zai karɓa. Shi yana asibiti ko gida yana jinya, wataƙila ma waya ce kawai a hannunsa da TalkBack mai karanta allon Android, a ce ya tara gutsattsari sittin ya nemo manhajar kwancewa, an ɗora masa wani aikin.

dan_Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Zinder. Ni ina goyon bayan rabawa saboda rezo, wato netwok. Nan wajenmu in ka fita gari kaɗan, abu mai mega 300 sai ya kai kashi tamanin ya yanke, wani wurin kuma in ya yanke daga farko yake komawa, kuɗin da ka sa duk sun tafi. In an raba 20m ko 25m wanda ya yanke shi kaɗai za ka sake. Sannan ga 'yan'uwa masu ordinatar, wato kwamfuta, ta Faransanci, sunan wurin Ajouter à l'archive ne. Kuma kibod ɗinmu AZERTY ne, lambobin layin sama sai ka riƙe Shift suke fitowa, in ba haka ba kana nufin 1 sai wata alama ta fito. Lambobin gefe kuma NVDA yana aiki da su in Num Lock a kashe take, ka danna ka ji yana karanta maka layi maimakon ya rubuta. Don haka bayan ka rubuta girman ka danna NVDA da Tab ka ji abin da ka rubuta kafin Enta.

Sakkwatawa1:
@dan_Damagaram ai lacca guda mega 29 ta, daidai da yankin da kake faɗi. Ka ga ta rabu da kanta ke nan.

dan_Damagaram:
A kan nasa ka yi gaskiya. Ni ina magana a kan abin da ba ya rabuwa da kansa.

Gindiri_98:
Bari in shigo nan, don akwai abin da dole sai an ɗaure shi wuri ɗaya. Littafin DAISY misali. Wanda ya saba da shi ya sani ba fayil ɗaya ba ne, folda ce mai ɗauke da sautuka da ƙananan fayiloli masu ƙarewa da smil da wani ncc.html, su ne suke ba ka damar tsallakawa babi zuwa babi ko shafi zuwa shafi. In ka tura sautukan kawai ɗaya ɗaya ka kashe littafin, ya koma kaset. Irin wannan dole ka zuba foldar duka a zif ko 7z, in ta yi girma ka raba. Haka fayil ɗin saka Windows, guda ɗaya ne ya haura giga 5, WhatsApp kuma iyakarsa giga 2 tun 2022, Telegram ma giga 2 sai mai biya ne yake samun 4. Imel kuwa ba a magana, Gmail mega 25 ne, in ya wuce sai ya mai da shi Google Drive. Mu da muka yi makarantar makafi ta Gindiri lokacin kaset ne, littafi ɗaya kaset goma sha, kowanne an manna masa lamba da birel, in na bakwai ya ɓata a hostel sai ka tsallake ka ci gaba da na takwas. To ku sani wannan na kwamfuta ba haka yake ba, ba a tsallake.

Yar_Jos:
Baba ai ko mega 25 ɗin ba ya cika, na taɓa gwada 24 ya ƙi tafiya wajen wanda na tura wa

injiniya_MK:
Eh, imel yana sake rubuta fayil ta wata siga kafin ya tafi, sai ya kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma kowane akwatin imel da iyakar abin da yake karɓa. In ta imel ne ki yanka 15m ki huta. Kuma in akwai exe a ciki Gmail ba ya bari ko an ɓoye shi a zif.

Zango_Kumasi:
Ni dai WinRAR nake yi tun ina JAWS, wata manhajar karanta allo, kafin in dawo NVDA kuma ban ga dalilin canzawa ba. Abu biyu ne. Na farko sunayen, part1.rar part2.rar, kunne ya fi kama su a kan 001 002. Na biyu shi ne babba, akwai Add recovery record, ka sa kashi 3 ko 5 cikin ɗari, in wani wuri ya ɗan lalace a hanya ka yi Repair ya gyaru. Har akwai recovery volumes masu ƙarewa da rev, ka yi guda biyu, ko wane yanki biyu ne suka ɓata za su maye gurbinsu. Ya taɓa cetona, bidiyon walimar ƙanwata da aka turo min daga gida, wuta ta ɗauke ana cikin kwafa yanki na huɗu ya samu matsala, da rev ɗaya na dawo da shi. 7z ba shi da wannan.

Malam_Tab:
Gaskiya ne Alhaji, 7z ba shi da gyaran kai, wannan na ba ka. Sai dai WinRAR na kuɗi ne, gwajin kwana 40 suke bayarwa, bayan nan ya kamata mutum ya saya. Ɗalibi kamar dan_Gwale da me zai saya? Shi ya sa nake fara nuna wa yara na kyauta. Shi kansa NVDA ai abin da ya kawo shi ke nan, Michael Curran ya fara shi a 2006 a Ostireliya, James Teh ya shigo, su biyun makafi ne, don kada sai mai kuɗi kaɗai zai taɓa kwamfuta. Kuma 7-Zip tana kwance rar, ƙirƙirarsa ne kawai ba ta yi.

Zango_Kumasi:
Ban musa ba Malam. Ni na saya ne don da shi nake aiki. Kowa da abin da ya fi masa.

mai_sanda:
tambaya a gefe, ya ake sanin tana aiki ko ta tsaya? ni in na danna Enta shiru nake ji sai in rasa ko ta gama, ran nan na rufe laptop ashe ba ta gama ba

UmmuSafwan:
@mai_sanda ka danna NVDA da U. Yana zagayawa ne, a kashe, ko ya faɗi kashi nawa, ko ya yi ɗan ƙara, ko duka biyun. Ni ƙarar nake bari, tana farawa da kauri tana sirancewa tana hawa sama har a gama. Sai in ƙara sauti in shiga kicin, ina yanka albasa ina jin ɗin ɗin ɗin daga falo, in ta yi siriri sosai na san saura kaɗan. In kana so ka ji ko ka koma wata taga, a saitin NVDA wajen Object presentation akwai Report background progress bars ka sa masa alama.

mai_sanda:
kai Allah ya biya ki Anti, shekara biyu ina NVDA ban san wannan ba

Abu_Rumaisa:
Ni fa duk wannan Tab Tab ɗin na daina. Baƙin allo ya fi mana sauƙi mu makafi in mutum ya daure ya koya, don komai rubutu ne. Ka shiga inda foldar take, Alt da D, ka rubuta cmd ka danna Enta, sai ka rubuta
"C:\Program Files\7-Zip\7z.exe" a -mx0 -v100m karatu.7z laccoci
a ɗin nan ƙarawa ke nan, mx0 shi ne Store da Malam ya faɗa, v100m girman yanki, laccoci sunan foldar. In ta gama za ka ji NVDA ya ce Everything is Ok. In ka sa t a wurin a ka ba shi karatu.7z.001 zai gwada maka ko lafiya suke. Na ajiye layin a Notepad, suna kawai nake canzawa.

Yar_Jos:
Abu Rumaisa wannan sai ku, ni alama ɗaya in ta kuskure ban san inda zan nemo ta ba

Abu_Rumaisa:
Ki bi da kibiya harafi harafi zai karanta miki har alamomin. Sau biyu za ki yi ki saba. Amma gwajin yana nan a menu ma, 7-Zip sai Test archive a kan 001.

Gindiri_98:
Gwajin nan kada a raina shi. Ka gwada kafin ka tura, shi ma ya gwada in ya karɓa. Kuma ga wata dabara, duk yankunan girmansu ɗaya ne cif, na ƙarshe ne kaɗai yake zama ƙarami. In ka bi su ka ji wani a tsakiya bai kai 'yan'uwansa ba to shi ne bai gama sauka ba, shi kaɗai za a sake turowa. Sai maganar suna. In ka sauke abu sau biyu burauza takan ƙara masa lamba a cikin baka a jikin sunan, mai ido zai hango nan take, mu kuwa in muryar tana gudu sai ta wuce ba ka lura ba, ka yi ta kwancewa tana cewa Unexpected end of data ko ta ce ba ta ga yanki ba. Na kwana biyu a kan irin wannan da wani littafi. Ka danna F2 a kan kowanne ka bi sunan a hankali, dole su zama iri ɗaya sak in ban da lambar ƙarshe.

Hajiya_Bichi:
Ni abin da zan ƙara sunayen fayil da Hausa. Ku rage sa ƙ da ɗ da ɓ a sunan abin da za ku matse da zif, wani lokacin in an kwance a wata kwamfutar sai su koma wasu alamomi, muryar ma ta kasa furtawa. A 7z ban taɓa samun haka ba. Kuma lamba ta riƙa zuwa farko, 01 02 03, don su jeru kuma da ka ji farkon ka san inda kake ba sai ka jira dogon suna ya ƙare ba. Sannan ɗana dan_Gwale, ka nemi izinin malaman kafin ka tura muryarsu? Ba don komai ba, hakki ne.

dan_Gwale:
Eh Hajiya, tun farkon zango na gaya musu kuma sun yarda, ɗaya ma shi yake karɓar rikodar ya ajiye a kan teburinsa. Na gaya wa mai kwas ɗin zan tura wa abokina ya ce ba komai, kada dai ta fita waje.

BabanKhadija_Zariya:
Madalla. Littattafai ma akwai yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da ta ba da damar a juya littafi zuwa birel ko sauti saboda makafi, Najeriya ta amince da ita a 2017. Amma don mu aka yi, ba don a zuba a kasuwa ba.

injiniya_MK:
Tunda malamin ya ce kada ta fita, in ta hannun direba za ta bi ko wani link, ka sa kalmar sirri. A akwatin nan na Add to archive akwai Enter password, a 7z da AES-256 take kullewa, akwai kuma Encrypt file names in ba ka so a ga ko sunayen. Shawara ɗaya, ka sa alama a Show Password kafin ka rubuta, in ba haka ba star star kawai za ka ji. Masu amfani da Caps Lock a matsayin maɓallin NVDA su kula sosai, danna shi sau biyu da sauri yana kunna manyan baƙaƙe. Kalmar in ta ɓace ba wanda zai buɗe maka, ba ofishin da za ka je.

Sakkwatawa1:
Kun ga kun sake ɗora ma yaron jinya kaya. Yanzu ga rabawa ga kalmas sirri. Windows 11 da kanta tana buɗe 7z da rar tun 2023 amma mai kalmas sirri ba ta buɗe shi, sai ya saka wata manhaja. Ni dai ina nan kan bakana, MP3 ɗaya ɗaya.

Malam_Tab:
Sakkwatawa ba wanda ya ƙi taka, a kan laccocin ni ma na koma bayan Baban Khadija. Amma yaron tambaya ya yi yadda ake rabawa, gara ya iya, gobe abin da zai tura ba lacca ba ce. Na manta ma ban faɗa ba, abin da aka raba ba a ƙara masa fayil daga baya, in ka tuna ka bar handawut ɗaya a waje sai dai ka sake daga farko ko ka tura shi daban. Kuma wanda Show more options yake dame shi akwai NanaZip a Microsoft Store, daga 7-Zip aka ciro ta, ita tana fitowa a sabon menu ɗin kai tsaye.

Yar_Jos:
To in a waya aka karɓa fa, 001 ɗin da me ake buɗewa a Android?

dan_Damagaram:
ZArchiver yana buɗewa. Amma ka fara kwashe su daga inda suka sauka ka kai folda ɗaya, kuma wayar ta kasance da wuri ninki biyu, don yankunan suna nan ga kuma abin da za a kwance. Mai giga 6 sai yana da 12 a sake.

dan_Gwale:
Jama'a ga inda aka kwana. Jiya bayan isha'i na zauna da Audacity kamar yadda Baban Khadija ya ce, na farko ya ba ni wahala don ban gane inda ake zaɓar mono ba sai da na bi da Tab sau biyu, daga na uku hannuna ya saba. Duka sha ɗayan sun dawo mega 287, na saurari farko da tsakiya da ƙarshen kowacce, muryar tana nan har tambayoyin 'yan bayan aji ana ji. Na sa musu 01 zuwa 11 yadda Hajiya ta ce. Na kira shi, ashe laptop ɗinsa tana Kano a ɗaki, waya ce kawai a hannunsa, don haka na bi ta Sakkwatawa na tura ɗaya ɗaya, zuwa yanzu huɗu sun sauka ya ce ya fara jin ta farko a bakin gadon Mama da iyafis. Handawut ɗin na haɗa su a zif ɗaya. Na WAV ɗin kuma na gwada rabawar Malam don in koya, na zaɓi 4092M FAT da Store, ta fito 001 da 002, na yi Test ta ce ba kuskure, sun shiga filash ɗin lafiya na ajiye. Na kunna NVDA da U ina jin ƙarar tana hawa har ta gama.

UmmuSafwan:
Alhamdulillah, Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa ya ba Mama lafiya.

BabanKhadija_Zariya:
Amin. Saura rikodar, ka samu wani ya shiga saitinta sau ɗaya ya duba ko tana da MP3, yawancinsu suna da shi, a mayar da ita can ka huta da juyawa. Ka ce ya karanto maka jerin menu ɗin ka rubuta danna nawa ne zuwa kowane wuri.

Zango_Kumasi:
Filash guda ba ajiya ba ce fa, na WAV ɗin kada ka goge na kwamfuta tukuna.

Hajiya_Bichi:
Ni kuma tunda ana nan, ina da bidiyon taron ƙungiyarmu na awa uku, giga 3 da wani abu, mata goma sha biyu ne suke so kuma duk waya gare su, yawancinsu sautin kawai suke buƙata. In raba da 7-Zip ɗin ne ko akwai yadda zan cire sautin kawai in yanka shi rabin awa rabin awa yadda kowanne zai kunnu da kansa?

Abu_Rumaisa:
Hajiya kada ki raba da 7-Zip, ba za su iya kunna yankin ba. ffmpeg, wata manhaja ta baƙin allo, zai cire sautin ya yanka a layi ɗaya, ko ki fitar da MP3 ki yanka da mp3DirectCut. Bidiyon MP4 ne? Ki duba min da Alt da Enta, in na dawo daga masallaci zan rubuto miki layin.